Manhajar Da Ke Yin Gum Idan An Kashe Fuskar Waya: Sharhi Kan Aikin Bayan Fage A Tsohuwar Android Da Sabuwa

Duk shekara idan ƙarshen watan Agusta ya matso, masu haɗa manhajojin Android sukan shiga zirga-zirga. A lokacin ne Google Play ke ɗaga mizanin da yake karɓar sababbin manhajoji da sabunta tsofaffi a kansa. A 31 ga Agusta 2024 an ce sai wadda aka daidaita da Android 14, a 31 ga Agusta 2025 kuma aka koma Android 15. Mai amfani da waya ba ya ma jin wannan labari, amma abin da ke biyo baya a hannunsa yake ganinsa. Manhajar kiran sallah da ta shekara uku tana tashinsa da asuba sai ta yi gum bayan an sabunta ta. Saƙonni su ƙi shigowa sai an buɗe manhajar, sannan su zubo gaba ɗaya. Wani ya fara tura babban bidiyo, ya kashe fuskar waya ya sa a aljihu, ya dawo ya tarar aikin ya tsaya a rabi.

Shi kuwa mai haɗa manhaja, tambayarsa ba ta canja ba tun shekaru goma da suka wuce: ta yaya aikinsa zai ci gaba da gudana bayan mutum ya fita daga manhajar, a wayar 2016 da ta 2025, da rubutun manhaja guda? Amsar a taƙaice ita ce, babu sauran hanyar da za a ce "aikina ba zai mutu ba" kuma ta tabbata a kowace waya. Abin da ya rage shi ne a san irin aikin da ake son yi, domin kowane iri da ƙofar da aka bar masa.

## Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

A bakin mai waya, "sabis" ƙarfin layi ne, na MTN ko Airtel. Ba shi ake nufi a nan ba. A tsarin Android akwai wani ɓangare na manhaja mai suna Service, wanda ba shi da fuska: ba ya nuna komai a allo, aikinsa kawai yake yi. Don gudun ruɗani, bari mu kira shi hidima.

Manhaja tana gaban fage ne idan ita ce a buɗe, mutum yana taɓa ta. Da zarar ya fita ya shiga wata, ko ya kashe fuskar wayar, ta koma bayan fage. Hidimar da ke aiki a wannan hali ba tare da mai waya ya san da ita ba, ita ce hidimar ɓoye. Akwai kuma hidimar bayyane, wadda a takardun Google ake kira foreground service. Ita ma tana aiki ne manhajar ba ta kan allo, sai dai dole ta kafa sanarwa a saman waya, wadda ke nuna cewa tana nan tana aiki. Sanarwar nan da ke tsayawa idan ana sauraren karatu ko wa'azi, mai maɓallin tsayarwa da na ci gaba, irinta ce. Haka ta taswira mai nuna hanya.

Android ba ta taɓa yi wa hidima alƙawarin rai madawwami ba. Tun farkonta, idan RAM ya cika, akwai jerin waɗanda ake fara sallama. Manhajojin da aka ajiye ba sa yin komai su ne farkon tafiya, sai masu hidimar ɓoye, sai masu hidimar bayyane, wadda ke kan allo kuwa ita ce ta ƙarshe. Akwai wata alama da ake kira START_STICKY, wadda ta zo tun Android 2.0, da mai manhaja kan sa don a sake tayar da hidimarsa idan an kashe ta. Mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin umarni, alhali roƙo ce: idan wuri ya samu a tayar, idan bai samu ba a jira.

## Lambobi uku da ke yanke hukunci

Mafi yawan ruɗanin daga nan yake tasowa. Kowane zubi na Android yana da lambar da masu haɗa manhaja suka san shi da ita: Android 6 ita ce 23, Android 8 ita ce 26, Android 12 ita ce 31, Android 14 ita ce 34, Android 15 kuma 35. Wannan ita ce lamba ta farko, wato zubin da ke kan wayar.

Sauran biyun a cikin manhajar suke. Ɗaya, minSdk, tana faɗin mafi tsufan zubin da manhajar ta yarda a ɗora ta a kai. Ɗayar, targetSdk, tana faɗin zubin da mai manhajar ya ce ya gwada ta da shi, ya kuma amince a yi mata hukunci da dokokinsa. Galibin sababbin takunkumai ba sa hawa kan manhaja sai abu biyu sun haɗu: wayar sabuwa ce, kuma manhajar ta ce ta amince da wannan zubi. Shi ya sa mutum biyu masu manhaja iri ɗaya, ɗaya tasa tana aiki, ɗaya ba ta yi. Shi ya sa kuma waya ɗaya da ba a taɓa ta ba, sabunta manhaja kawai kan iya canja halinta, domin lambar da ke cikin manhajar ce ta ɗaga.

Wannan tsari ya bar kafa a buɗe. Wanda ba ya son sabuwar doka sai ya ƙi ɗaga lambarsa, ya ci gaba da cin gajiyar tsohuwar. Google ya toshe kafar a 2018, inda ya ce daga Agustan shekarar sabuwar manhaja ba za ta shiga Play ba sai ta amince da Android 8, sabuntawa kuma daga Nuwamba. Tun daga nan ake ɗaga mizanin kowace shekara. Daga baya aka ƙara wani shinge a cikin wayar kanta: Android 14 ba ta yarda a ɗora manhajar da lambarta ke ƙasa da 23, Android 15 kuma ƙasa da 24, ko da ta Xender ko Bluetooth aka turo ta.

## Zamanin da kowa ke cin karensa babu babbaka

Kafin 2015, kusan duk manhajar da ta ga dama tana iya kunna hidimar ɓoye ta bar ta. Tana iya riƙe ƙwaƙwalwar waya a farke ko da allo a kashe yake. Tana iya cewa a tashe ta duk lokacin da intanet ya zo ko ya ɗauke, ko aka ɗauki sabon hoto. A waya mai manhaja hamsin, sauyawa daga Wi-Fi zuwa data kaɗai kan tayar da gomman manhajoji lokaci guda, kowace tana neman RAM, wayar ta yi nauyi, batir ya zube.

Masu manhaja kuma sun ƙware wajen dabarun hana mutuwa. Wasu kan kafa hidima biyu, kowace tana gadin 'yar'uwarta, in an kashe ɗaya ɗayar ta tashe ta. Wasu kan yi ta kunna sautin da ba a ji, don wayar ta ɗauka kiɗa ake saurare. Wasu kan buɗe wani ɗan shafi mai girman ɗigo ɗaya idan allo ya mutu, don a ɗauka manhajar na gaban fage. Akwai masu yin haka don aiki na gaskiya, akwai masu yi don talla ko tattara bayanan mutane. Wayar ba ta iya bambance su, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Matakan farko masu laushi ne. Android 4.4 ta 2013 ta daina tabbatar da cewa ƙararrawar cikin gida, wato lokacin da manhaja ta saita don a tashe ta, za ta buga daidai kan lokaci, sai idan an nemi hakan musamman. Tana tara su ne ta buga tare don kada a yi ta tayar da wayar. Android 5 ta 2014 ta kawo JobScheduler, inda manhaja ke miƙa aikinta da sharuɗɗansa, misali sai akwai Wi-Fi ko sai ana caji, wayar ta zaɓi lokacin da ya dace. Ba a tilasta wa kowa ba, saboda haka kaɗan ne suka koma.

## Doze da Oreo: inda tsohuwar hanya ta karye

Android 6 ta 2015 ta zo da Doze, wato gyangyaɗi. Idan waya ba ta kan caji, allonta a kashe, kuma an ajiye ta ba ta motsi na wani lokaci, sai ta yanke wa manhajoji intanet, ta yi biris da masu neman riƙe ta a farke, ta jinkirta ƙararrawa da ayyukan da aka tsara. Lokaci-lokaci takan buɗe 'yar taga kowa ya yi abin da zai yi, sannan ta rufe, kuma tazarar da ke tsakanin tagogin tana ƙara tsawo yayin da barcin ke nisa. Abin lura shi ne Doze ba ya duba lambar da manhaja ta amince da ita, kowa yake hawa. Kuma babu lokacin da sharuɗɗansa ke cika kamar tsakar dare, waya na ajiye a gefen matashi, wato daidai sa'o'in da ke gaban sahur da asuba.

An bar ƙofa ga aikin da ba ya jira: akwai ƙararrawar da ke iya bugawa ko ana cikin Doze, amma manhaja ba za ta yi amfani da ita fiye da sau ɗaya cikin kusan minti 9 ba. Android 7 ta 2016 ta ƙara wani Doze mai sauƙi da ke aiki ko waya na aljihu ana tafiya, ta kuma daina tayar da manhajoji saboda sauyin intanet ko sabon hoto.

Babbar girgizar ita ce Android 8, Oreo, ta 2017. Daga ita, manhajar da ta koma bayan fage tana da 'yan mintuna kawai, daga nan a tsayar da hidimominta na ɓoye. Idan kuma ta yi ƙoƙarin kunna sabuwa daga bayan fage, ba ƙin yi kawai wayar za ta yi ba, manhajar ce za ta faɗi. Hanyar da aka bari ita ce hidimar bayyane, da sharaɗin a kafa sanarwar cikin daƙiƙa 5 da kunna ta, in ba haka ba a kashe manhajar. Sanarwar ma sai an sa ta cikin wani rukuni da mai waya zai iya rufewa. Neman wurin da mutum yake daga bayan fage kuma aka taƙaita shi zuwa 'yan lokuta a awa.

Daga nan rubutun masu manhaja ya rabu gida biyu: idan wayar ta kai 26 a bi nan, idan ba ta kai ba a bi can. Kusan duk wata tambaya kan tsofaffin zubi a kan wannan layi take tsayawa.

## Daga Android 9 zuwa 15: ita ma ƙofar da aka bari ta ƙuntata

Abin da ya biyo baya ba abin mamaki ba ne. Da aka rufe hidimar ɓoye, kowa ya ruga hidimar bayyane, har da waɗanda ba su da wani aiki da mai waya ke jira. Saman waya ya cika da sanarwoyin da ba sa gogewa. Sai Google ya juyo kan ita ma hidimar bayyanen.

Android 9 ta 2018 ta raba manhajoji aji-aji gwargwadon yawan amfani da su: mai aiki yanzu, ta kullum, ta akai-akai, da ta jefi-jefi. Ajin da manhaja ta faɗa shi ke yanke yawan damar da za ta samu. Ta kuma hana manhajar bayan fage taɓa kyamara da makirufo. Android 10 ta ware izini na musamman don sanin wurin mutum daga bayan fage, ta hana manhaja faɗowa kan allo da kanta. Android 12 ta 2021 ta hana kunna hidimar bayyane daga bayan fage sai a wasu halaye ƙididdigaggu, ta sa ƙararrawa mai bugawa daidai kan lokaci ƙarƙashin izini, ta kuma ƙara aji na biyar, na waɗanda aka ƙuntata. Manhajar da ta faɗa nan, sau ɗaya a yini ake ba ta damar aiki. A Android 12 sai an yi kwana 45 ba a taɓa manhaja ba take faɗawa wannan aji. Android 13 ta rage shi zuwa kwana 8, ko da yake an keɓe wasu, kamar masu izinin ƙararrawar agogo.

A nan akwai wani abu da ya cancanci a tsaya a kai. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne yawan buɗe manhaja. Amma akwai manhajojin da amfaninsu duka shi ne ba sai an buɗe su ba: mai kiran sallah, mai tuna shan magani, mai ajiye kwafin hotuna. Waɗannan su ne ma'aunin ya fi zalunta, kuma su ne masu su suka fi dogara da su.

Android 13 ta mayar da sanarwa kanta abin neman izini, ta kuma ba mai waya wurin ganin hidimomin bayyane da ke aiki, da maɓallin tsayar da su. Android 14 ta 2023 ta ce dole kowace hidimar bayyane ta faɗi nau'inta: kunna sauti ce, bin wuri ce, kiran waya ne, haɗi da wata na'ura ne, lafiya ce, ko tura bayanai. Play ma yana neman bayani kan dalilin amfani da ita kafin ya karɓi manhajar. A wannan zubi kuma, yawancin manhajojin da aka ɗora sababbi ba sa samun izinin ƙararrawa mai daidai kai tsaye, sai mai waya ya shiga ya kunna da hannunsa. Android 15 ta sa wa hidimar tura bayanai iyaka: awa 6 cikin kowace awa 24.

## Hannun kamfanonin waya

Duk abin da aka lissafa a sama rubutacce ne, mai manhaja zai iya karantawa ya shirya. Matsalar da ta fi wuya ita ce wadda ba a rubuta ba. Android buɗaɗɗiya ce, kowane kamfani yana ɗauka ya ɗora nasa gyaran: Samsung da One UI, Xiaomi da MIUI da ta koma HyperOS, Huawei da EMUI, Tecno da HiOS, Infinix da XOS. Tecno da Infinix da itel duka na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a ƙasar Sin, kuma duk wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya san su ne suka cika teburan.

Kusan kowane daga cikin waɗannan kamfanoni yana da nasa mai gadin batir a kan na Google. Samsung yana sa manhajojin da ba a buɗewa barci, wasu kuma barci mai nauyi, inda ba sa yin komai sai an buɗe su. Xiaomi da wasu suna da izinin tashi da kai, wanda in ba a kunna wa manhaja ba, ba za ta farka da kanta ba. A wasu wayoyi, share manhaja daga jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan yana daidai da tsayar da ita da ƙarfi. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne: tun Android 3.1, manhajar da aka tsayar da ƙarfi, ana soke ƙararrawarta, kuma babu abin da zai tashe ta sai mutum ya taɓa ta da yatsansa.

Akwai wani ɓangare da ya fi shafar wuraren da wutar lantarki ba ta tsayawa. Duk lokacin da waya ta mutu aka sake kunna ta, ƙararrawar da manhajoji suka saita gogewa take yi. Manhajar da aka rubuta da kyau tana jiran sanarwar cewa waya ta gama tashi, sai ta sake saita su. Idan mai gadin kamfani ya hana ta tashi da kanta, wannan sanarwa ba za ta iske ta ba. Wanda wayarsa ke mutuwa sau biyu ko uku a mako, ya kai ta shagon mai caji ya karɓo, zai riƙa rasa kiran sallah ko tunin magani ba tare da ya san dalili ba, har sai ranar da ya buɗe manhajar.

Masu haɗa manhajar Sleep as Android, wato Urbandroid, sun gaji da ƙorafin masu amfani har suka buɗe shafin dontkillmyapp.com, inda suke jera kamfanoni gwargwadon tsananin kashe manhajoji, da bayanin inda za a shiga a gyara a kowace waya. A Jamus kuma, a Yulin 2020, ya fito fili cewa manhajar gwamnati ta gargaɗin korona, Corona-Warn-App, ba ta sabunta bayananta a bayan fage a wasu wayoyin Android, ciki har da na Samsung da Huawei, saboda tsarin tattalin batir, don haka wasu ba sa samun gargaɗi sai sun buɗe ta. A 2023 Google da Samsung suka sanar cewa daga One UI 6.0, hidimar bayyane da ta bi dokokin Android 14 za ta yi aiki yadda aka tsara ta. Wannan ya shafi sababbin wayoyi ne. Tsofaffin da ke hannun jama'a suna nan yadda suke.

Don haka ba daidai ba ne a ɗauka cewa tsohuwar waya ta fi sauƙin sha'ani. Dokarta ta fi sassauci, gaskiya ne, amma RAM ɗinta ƙarami ne. Android Go, da aka fito da ita a ƙarshen 2017 don wayoyi masu RAM gigabait 1 ko ƙasa da haka, misali ce: buɗe manhaja ɗaya mai nauyi ya isa a sallami hidimar da ke bayan fage, ba don wata doka ba, don babu wuri.

## Matsayin kowane ɓangare

Hujjar Google ita ce batir da RAM dukiyar mai waya ce, ba ta mai manhaja ba, kuma an gwada barin kowa da amanarsa ba ta yi kyau ba. Yana kuma kawo batun sirri: manhajar da za ta iya aiki a ɓoye ba iyaka, za ta iya bin sawun mutum ko naɗar muryarsa a ɓoye.

Masu haɗa manhaja ba sa musun wannan. Kukansu shi ne dokar na canjawa kusan kowace shekara, abin da aka ba da shawarar a yi jiya shi ake hanawa yau, kuma mai bin doka ma ba shi da tabbas saboda kamfanonin waya. Suna kuma zargin cewa wasu kamfanonin kan keɓe fitattun manhajoji daga takunkuminsu, ƙaramin mai manhaja shi ke shan taurari ɗaya-ɗaya a Play kan laifin da ba nasa ba.

Kamfanonin waya su ma suna da abin faɗa. Mai sayen waya tambayar farko da yake yi ita ce tana riƙe caji? A babban yankin ƙasar Sin, inda da yawansu suka taso, babu hidimomin Google, saboda haka kowace manhaja kan riƙe nata layin a buɗe don karɓar saƙo. Tsananin da suka saba da shi a can maganin wata cuta ce ta gaske. Sai dai sun fito da shi zuwa kasuwannin da cutar ba ta kai haka ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: dabarun hana mutuwa na masu manhaja ne suka haifi tsananin, tsananin kuma ya sake haifar da sababbin dabaru.

A ɓangaren iPhone wannan gardama ba ta yi zafi haka ba, domin Apple bai taɓa buɗe ƙofar ba. Sai a iOS 4 ta 2010 aka yarda da wasu ayyuka ƙididdigaggu a bayan fage, kamar sauti da bin wuri da kiran intanet. iOS 7 ta 2013 ta ƙara damar sabunta bayanai a lokacin da wayar ta zaɓa, iOS 13 ta 2019 ta kawo tsarin miƙa aiki a jira. Inda Android ta shafe shekaru goma tana tafiya, kusan nan iPhone ta faro.

## Yadda ake raba aikin a yau

Mai haɗa manhajar da ke son ta yi aiki a tsoho da sabo, da tambaya ɗaya yake farawa: wannan aiki, mai waya yana jiransa yanzu, ko dai ana son ya gudana ne ko yaushe ne?

Idan zai iya jira, kamar tura bayanan da ma'aikacin lafiya ya tattara a ƙauyen da babu sabis, ko ajiye kwafin hotuna, WorkManager ake ba. Google ya gabatar da shi a 2018, ya kammalu a 2019, kuma an gina shi ne daidai don wannan matsala ta bambancin zubi: a waya mai Android 6 zuwa sama yana bi ta JobScheduler, a waɗanda suka fi tsufa kuma zubinsa na farko kan bi ta ƙararrawa. Yana ajiye jerin ayyuka a ma'adana, don haka ko waya ta mutu ta tashi ba ya mantawa. Iyakarsa biyu ce: aiki mai maimaituwa ba ya yin ƙasa da tazarar minti 15, kuma kowane zama kusan minti 10 ake ba shi. Lokacin ma ba alƙawari ba ne, kiyasi ne.

Idan aikin na kan lokaci ne, kamar agogo ko kiran sallah, ba hidima ake bari tana ƙirga daƙiƙa ba. Ana saita ƙararrawa mai daidai don lokaci na gaba, idan ta buga a saita ta gabanta, a kuma sake saita su duk sanda waya ta tashi. Idan mai waya yana sane da aikin kuma yana so, kamar sauraro ko bin hanya, nan ne gurbin hidimar bayyane, a kunna ta tun manhajar na kan allo, a kashe ta da an gama. Idan kuma saƙo ake jira daga waje, manhaja ba ta zama a farke tana leƙe. Firebase Cloud Messaging na Google ne ke riƙe layi ɗaya domin kowa, saƙo mai muhimmanci ya tashe ta ko ana cikin Doze. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da wannan, sai nasu.

Akwai kuma damar roƙon mai waya ya cire manhaja daga tattalin batir, amma Play ya hana a nemi hakan kai tsaye sai idan ainihin aikin manhajar ba zai yiwu ba sai da shi.

## Abin da ya shafi mai waya

Tasiri na farko shi ne nauyin ya dawo kan mai waya. Abin da a da yake faruwa da kansa, yanzu sai an shiga saiti. Wanda manhajarsa ta kiran sallah ko tunin magani ta daina aiki, wurare huɗu ne ake dubawa: izinin sanarwa, izinin da aka rubuta "Alarms & reminders" a sababbin wayoyi, shafin batir na manhajar inda ake cire ta daga takura, da izinin tashi da kai idan wayar na da shi. Kowace manhaja da aka cire daga takura tana ƙara cin caji, don haka biyu ko uku da aka dogara da su ake yi wa haka, ba duka ba.

Na biyu, ɗabi'ar share duk manhajoji daga jerin waɗanda aka buɗe, da amfani da manhajojin da ke cewa suna wanke waya su ƙara mata sauri, sau da yawa ita ke kashe abin da ake so ya rayu. Manhajar da aka kashe, idan ta sake tashi daga farko ma caji take ci.

Na uku ya shafi masu tsofaffin wayoyi, kwance da 'yan Landan. Kowane zubi da mai manhaja ya ce zai tallafa wa, ƙarin gwaji ne da ƙarin kuɗi, saboda haka da yawa suna ɗaga mafi ƙarancin zubin da suke karɓa. WhatsApp ya daina aiki a Android da ke ƙasa da 5.0 tun Oktoban 2023. Wasu sababbin dokokin ma suna bin tsohuwar waya har gida: daga Disamban 2021, Google ya kai tsarin janye izini daga manhajar da aka yi watanni ba a buɗe ba zuwa wayoyi masu Android 6 zuwa sama, ta hanyar Google Play services, ba tare da an sabunta wayar ba. Wanda ke da manhajar da ba ya buɗewa amma yake dogara da ita, a shafin izininta zai ga maɓallin kashe wannan janyewa.